Garkuwar Cikin Gilashi

Motar ta mutu mana a tsakiyar hawa, muna hangen ƙofar tsohon sansanin a can sama. Na sa dutse a bayan taya, na leƙa na ce wa tsohon maƙwabcina sai dai fa a ɗauke shi a kujera. Ya ce shi ba buhun hatsi ba ne.

"Baba, ai yanzu buhun ya fi ka nauyi," in ji 'yarsa.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa na kau da kai, don gaskiya ta faɗa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Tun ina saurayi shi ke kula da wannan sansani na bakin iyaka da aka mayar gidan tarihi, kuma duk garin ba mai kiran sa da sunan yanka. Ban-da-Taɓawa ake ce masa, domin baƙo bai gama sallama ba zai ji an ce a kalla da ido, ban da taɓawa. Ni kaina ya taɓa buge mini hannu da sandar nuni don na dafa wata tsohuwar igwa, alhali da safen nan a motata na kawo shi aiki. Taurin kai gare shi, na sha faɗa masa ido da ido, amma ina ƙaunar mutumin nan.

Cikin kayan gidan akwai garkuwar kakansa, wanda yana ɗaya daga masu tsaron ƙofar a zamanin yaƙi. Ta fata ce, da hujin mashi a gefe. Yana yaro a ɗakin mahaifiyarsa take rataye, ya ce har sulu suke yi a kanta a gangaren rafi su sha duka. Shi da kansa ya kai ta gidan tarihin, ya sa ta a akwatin gilashi ya kulle. Tun ranar bai sake kai mata hannu ba, ko ƙura da burushi yake kaɗe mata.

Sai ciwon suga ya cinye masa ido, daga baya ƙoda ta biyo. Ranar da likita ya ce a koma da shi gida a ci gaba da addu'a, ya aiko aka kira ni. Ya ce so yake ya ga garkuwar kafin ya tafi. Ba wanda ya tambaye shi da wane idon, duk mun san yanzu da hannu yake gani.

Ni da mai sharar gidan tarihin muka hau da shi a kujerar. Malama, wadda ta gaje shi kuma shi ya koya mata aikin, ta tarye mu da makulli a hannu, idonta ya yi ja. Muka ratsa ɗakin tukwane da na kwari da baka, yana faɗa mana inda za mu karya kwana kamar mu ne makafin. A ɗakin ƙarshe muka tarar da wasu baƙi, iyali guda, suna ɗaukar hoto. Suka ja gefe suka yi tsit.

Malama ta buɗe akwatin. Warin tsohuwar fata ya fito, irin na cikin jakar da ta daɗe a rufe. Tsohon ya miƙa hannu, saura kaɗan ya kai, sai wani cikin baƙin ya yi gyaran murya. Hannun ya tsaya.

"Akwai baƙi a ɗakin nan?"

Malama ta ce akwai, amma yanzu za ta roƙe su su ɗan fita. Ya ce ba za a kori wanda ya taso daga nesa saboda shi ba. Raina ya ɓaci. Na ce masa garkuwar gidansu ce, ya taɓa abinsa, wa zai ce masa don me? Bai ko kula ni ba. Ya sa muka matso da kujerar, ya sunkuyar da fuskarsa cikin akwatin, ya ja numfashi a hankali. Ya daɗe a haka, hawaye na bin gemunsa.

"Ita ce," ya ce. "Ɗakin Inna ke nan. Rufe, 'yata. In suka ga na taɓa, gobe da wane baki za ki hana su?"

Malama ta rufe tana kuka. Da ya ji ƙarar makullin, sai ya laluba ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin, ya bar shi nan har 'yarsa ta ce rana na yi.

A makon ya rasu, da hantsi. Ina wanke mota na ji kukan 'yarsa ta kan katanga, na ajiye bokitin.

Bayan an share makoki na kai wasu fasinjoji sansanin, na shiga ɗakin ƙarshe ina jiran su. Mai shara yana goge akwatunan da tsumma. Da ya zo kan na garkuwar, ya goge gefe da gefe, ya goge sama, ya zagaye tsakiya ya wuce. Na matsa kusa. Hasken taga ya faɗo a kan gilashin, ga shatin yatsun tsohon nan, ɗan ƙaramin ya ɗan karkace.