Gonar Alhaji Nata'ala a Jikin Bango

Shekara talatin Malam Barau ya yi yana awon filaye yana zana wa gwamnati taswira, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Da ya yi ritaya sai ya sayi fenti, ya cika manyan takardu goma sha biyu da murabba'ai da layuka, ja da kore da ruwan ɗorawa. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci aka rataye su a wani zauren baje koli a Dutse.

Saura kaɗan a buɗe ƙofa sai ga Malam Zailani, matashin da kwamitin bajen ya turo ya tabbatar babu hoton mai rai. Ya duba sarai, ko ƙadangare bai samu ba, abin ya ɓata masa rai.

"Baba, wannan ai hatimi ne," in ji shi. "Gida-gida, irin na 'yan tsibbu. A sauke, a ƙone."

Barau ya dubi takardunsa. Aikin shekara huɗu ke nan.

"Ɗana, ina ka taɓa ganin hatimi babu rubutu?"

"Ɓoyewa kuka yi."

Baffan Zailani, Alhaji Nata'ala, manomi ne daga Jahun, yana zaune a bakin ƙofa yana jira Zailani ya kai shi tasha. Da ya gaji ya shigo, ya tsaya gaban takarda ta uku, ya ƙura mata ido.

"Kai! Wannan jan ba gonar dawata ba ce? Ga gyaɗar maƙwabcina Muntaka, ga kududdufi, ga layin gamba." Ya juyo a fusace. "Malam, ka ci mini iyaka! Koren nan ya shigo mini da taku biyar."

"Ba ni na ci ba, Alhaji. Haka na tarar ranar awo."

"To Muntaka ne! Na daɗe ina faɗa."

"Baffa, hatimi ne fa," in ji Zailani a hankali.

"Hatimin gidanku! A wannan kusurwar aka miƙa maka fartanya ka kasa, shi ya sa aka turo ka birni."

Zailani ya sa hannu a takardar izinin buɗe bajen, bai ƙara ɗaga kai ba.

Aka buɗe ƙofa, zaure ya cika. Alhaji Nata'ala ya manta da tasha, ya wuni yana nuna wa manyan ma'aikata inda Muntaka ya cuce shi. Da la'asar ya kama hannun Barau da hannu biyu.

"Malam, sannu da aiki. Ka iya awo."