Taƙin Ishaƙu

A Maijirgi, in ka ce kafinta to Ishaƙu kake nufi, an fi shekara talatin a haka. Ƙyauren ɗakinka shi ya yi, bencin lekol da 'ya'yanka ke zama a kai suna karatu shi ya buga, kujerar da matarka ke tsugunawa a gindin murhu ma daga rumfarsa ta fito. Mutum ne mai baki, Allah ya sani, ga ji da kai kamar shi ya ƙirƙiro zarto. Bai taɓa riƙe metir ba. Da taƙi yake awo: ya ware babban yatsa da na tsakiya, ya taka katako da su, ya ja layi da ƙusa, shi ke nan. Awon garin kaf yana cikin kansa. Ƙyauren ɗaki taƙi takwas a tsaye, huɗu a kwance, har magina sun haddace, ba sa tambayarsa kafin su bar bakin ƙofa.

In wani matashi ya zo yana zaro metir daga aljihu, sai Ishaƙu ya harare shi ya ce, "Mai da zarenka inda ka ɗauko shi. Wanda ya koya mani aiki bai san wannan ba, kuma ƙyamarensa suna nan tsaye har yau."

To amma 'yan shekarun nan aiki ya ja baya. Masu hali sun koma sayen ƙyauren ƙarfe daga Tasawa. Sanyin ƙashi ya shiga yatsun Ishaƙu, idonsa ya fara hazo, shi kuwa ko da wasa ba ya so a ambata. Matarsa Hindatu ta taɓa ce mashi ya je likita a duba hannun, ya kwana biyu bai ci tuwonta ba. Ba yunwa yake tsoro ba, gero yana cikin rumbu. Abin da ke cin ransa guda ɗaya ne, kada ya rayu har ya ji ana nuna shi ana cewa, "Wancan tsohon da can kafinta ne."

Yana da ƙane, Manzo, mai facin taya da gyaran amalanke. Manzo ba ya zama wuri ɗaya. Ya ɗaura jakinsa, ya ɗora kayan aiki, yau kasuwar Hawandawaki, jibi Tasawa, wani lokaci har garin Sarkin Hausa. Mutum ne shiru-shiru, ya ba hamsin baya amma har yau ba ya haɗa ido da yayansa. Akwatin kayan aikinsa Ishaƙu ne ya yi mashi tun kafin Manzon ya yi auren fari, gara kuwa ta daɗe tana cinsa daga ƙasa. Ranar da gindin ya zube a tsakar gida, kile-kilen kwance noti da ƙusoshi suka watse cikin yashi, Manzo ya tsuguna yana tsince su, ya ce da kansa, ba da kowa ba, "Sai dai in na shiga Tasawa in sayo na ƙarfe."

Kash! Ashe Ishaƙu na zaure yana ji.

"Mi ka ce? Na ƙarfe? Ina da rai, ina numfashi, ƙanena zai shiga butik ya sayo gwangwani ya zuba kayan aikinsa? Sai ka fara yi mani sallar gawa tukuna, kana ka tafi Tasawar."

"Yaya, ba haka nake nufi ba. Na ga hannunka ne..."

"Hannuna mi ya yi?"

Manzo ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tsintar ƙusa.

A ranar Ishaƙu ya jawo katakon maɗacin da ya ɓoye a ƙarƙashin gado shekara da shekaru, wanda ko Hindatu ba ta isa ta ɗora ƙwarya a kai ba. Manzo ya kawo dogayen ƙarafan cire taya da famfon iska don a auna, Ishaƙu ya kore shi da su. "Kwashe! Na san kayanka tun ba ka da gemu. Dogon ƙarfe taƙi uku da yatsu huɗu, famfo uku da rabi. Akwati taƙi huɗu, ya ishe su har da saura. Ko ƙarafan naka sun yi girma ne?"

Sati uku ya yi a kansa. Gaskiya aiki ne na gani na faɗa. Ya haɗa kusurwoyin da tsaga, haƙori cikin haƙori, ba ƙusa ko ɗaya sai ta murfi. Ya goge shi da ƙasa mai laushi, ya shafa man gyaɗa har jan maɗacin ya fito. Da safe yatsun kan ƙi buɗuwa, sai ya tsoma su cikin ruwan ɗumi ya cije leɓe ya koma. Hindatu na kallonsa daga madafa.

Da ya gama, bai bari Manzo ya zo ɗauka ba. Shi ya sa aka ɗauko akwatin zuwa ƙofar gida bayan la'asar, lokacin da majalisa ta cika. Mutane suka taso suna shafawa, wannan ya ce "Masha Allah," wancan ya ce "Kai, Baba Ishaƙu, hannun nan bai tsufa ba." Manzo ya buɗe murfin, ya daɗe yana duban ciki. Sannan ya rufe, ya durƙusa ya ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya. Allah ya bar zumunci." Ishaƙu bai lura da komai ba a fuskarsa, yana can yana nuna wa liman yadda kusurwa ta zauna.

Daga nan fa bakinsa ya buɗe. Duk ranar kasuwa sai ya fito da sassafe ya tsaya a ƙofar gida, ya ga akwatin bisa amalanke an ɗaure shi da igiya, jaki ya ja. In ya zauna majalisa ba shi da zance sai shi. "Ku tambayi Manzo. Hanyar Hawandawaki duk ramu da yashi, ko motsi bai yi ba. Na ƙarfe da tuni ya lotse." A ce mashi ƙwarai kuwa, gaskiya ne. Ya koma cin tuwo malmala biyu, har ya sa aka sabunta zanar rumfarsa don yana jiran masu kawo aiki. Wata biyu cur ana haka.

Ran nan da safe, ranar kasuwar Hawandawaki, Manzo ya fita, sai Ishaƙu ya ga gwangwanin gam ɗin faci a bakin zaure. Mai faci ba gam ai ya tafi yawo ne kawai. Ya ɗauka ya bi sawun amalanken da sauri, yana faɗa a ransa, mutum ya tsufa bai bar mantuwa ba. Sawun bai miƙe hanya ba, ya karkata bayan injin niƙan Ƙadri, wani ɗan unguwarsu da ke da rumfa a ƙarshen gari.

Can ya same su. Jaki na tsaye yana kaɗa kunne. Akwatin maɗaci yana ƙasa a buɗe, Manzo na kwashe 'yan kile da tsummoki daga ciki yana zubawa cikin wani dogon akwatin ƙarfe mai shuɗin fenti. Ƙarafan cire taya da famfo suna kwance a cikin na ƙarfen, da gani can suka kwana. Ƙadri kuma yana share wani lungu tsakanin buhunan dusa, lungun da ya riga ya yi shatin gindin akwati.

Ƙadri ne ya fara ganinsa. Ya ce "Innalillahi," ya yar da tsintsiya, ya shige ɗakin inji.

Ishaƙu ya ajiye gam a kan amalanke. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Nan akwatin yake yini?"

"Yaya..."

"Tambayarka nake. Nan yake yini, da yamma ka biyo ka ɗauke shi ka shigo mani da shi gari?"

"Eh."

"Don mi? Nauyi ya yi maka? Ko kunya kake ji a gan ka da katako?"

Manzo ya sunkuya kan akwatin ƙarfen. Ya ɗauko dogon ƙarfen, ya ɗora shi a bakin akwatin maɗaci. Ƙarfen ya hau gefe da gefe, kansa ya fito waje da yatsu uku. Ya gwada shi a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, nan ma ya ƙi. Famfon ma bai shiga ba.

"Ka sake ƙarfe," in ji Ishaƙu.

"Shi ne dai, Yaya. Na tun da."

Ishaƙu ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora hannu a kan ƙarfen, ya ware yatsu ya fara takawa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, ƙarfe bai ƙare ba. Ya sake daga farko, yana matsa yatsun har zafi ya harba masa zuwa gwiwar hannu. Huɗu da ɗoriya. Sai a lokacin ya juya hannun ya dube shi sosai. Yatsun sun tanƙware kamar ƙafar kaza, babban ya ƙi nisa da sauran. Ƙarfe bai yi girma ba. Taƙinsa ne ya ƙanƙance, shekara bayan shekara, shi kuma yana nan yana ƙirga lambobin da ya haddace tun yana saurayi.

Ya sauke hannun. Ya ce, "Da ka gaya mani ranar. Rannan, a ƙofar gida. Da na sake wani."

"A gaban liman, Yaya? Da wane baki?"

"To bayan nan? Gida ɗaya muke kwana!"

Ishaƙu na kallon akwatin, sai wani tunani ya faɗo mashi.

"Ƙyauren da na yi wa liman bara fa? Taƙi takwas na yi shi."

"An ƙara mashi katako daga ƙasa. Ka tafi ta'aziyya Mayahi, aka cire aka kai Tasawa, aka dawo da shi kafin ka iso."

"Na gidan Harisu?"

"Shi kwano aka buga."

"Tun yaushe?"

"Za a yi shekara huɗu."

Shekara huɗu, jama'a! Shekara huɗu gari guda na karɓar aikinsa da hannu biyu, a yi mashi godiya, ya juya baya a kira wani ya gyara. Shi kuwa yana zaune a majalisa yana zagin metir, ana gyaɗa mashi kai. Wannan abin da suke kira kara, ni dai ban san mugunta da ta fi shi iya sallama ba. Da zagi suka yi mashi, da ya rama, da ya yi fushi ya huce ya nemi metir ɗin ya koya. Sai suka lallaɓa shi kamar mai ciwon da ba a son ya san ajali ya zo.

"Hindatu ta sani?"

Manzo ya dubi jakinsa. "Ita ta ce in dinga biyowa ta nan."

Ishaƙu ya miƙe. Manzo ya kama igiya yana cewa bari ya mai da na ƙarfen Tasawa, zai ɗaure dogayen ƙarafan daban a gefen amalanke, ai ba wani abu ba ne. Ishaƙu ya ce, "Rana na yi. Masu taya na jiranka." Ya juya ya kama hanyar gida. Duk wanda ya gaishe shi a hanya sai ya tsaya ya dube shi, yana tunanin wane ƙyaure ya yi mashi, da wace shekara.

Bai yi wa Hindatu faɗa ba, abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. Ta kawo fura ya sha, ta yi magana ya amsa da kalma ɗaya. Ya daina zuwa majalisa. Kullum sai ya shiga rumfarsa mai sabuwar zana ya zauna kan benci, zarto da gizago na rataye, bai taɓa su ba. Manzo kan yi sallama a bakin rumfar safe da yamma, a amsa mashi, ya tsaya kaɗan ya wuce.

Kwana na biyar, da hantsi, sai ga Sa'adatu, matar Ƙadri, da 'yar kujerar tsuguno a hannu, ƙafa ɗaya ta fita. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, kujerata ce ta karye. Na ce ba mai gyara mani ita sai kai."

Ya karɓa. Idon ya yi hazo, amma yatsun, duk da tanƙwarewarsu, sun san katako. Ya shafa ramin ƙafar. Babu tsagewa, babu cin gara. Gefen ramin akwai sabon shatin bakin kile, inda aka sa ƙarfi aka ɓanɓare ta, ɓawon katakon fari tas, ko ƙura bai sha ba. Lafiyayyar kujera aka karya don a samo wa tsoho abin yi.

"Wa ya aiko ki?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. "Ba kowa, Baba."

Ya haɗa kujerar da ƙafarta ya miƙa mata.

"Ki ce masu na gode. Ki kai wa kafinta."

"Baba, ai kai ne..."

"Tasawa za ki," in ji Ishaƙu. "Garin nan babu."