Baba Mutaru Bai Hau Lori Ba

Katifa ɗaya, buta, tukwane biyu, akwatin ƙarfe, buhun gari, keken ɗinkin Hamamatu, baƙin keke mai igiya a kariya, sai Baba Mutaru kansa. Abin da muka ɗora wa amalanken ke nan. Ni ke turawa. Sanni, mijin 'yarsa Hamamatu, yana ja daga gaba. Ita tana biye, goyo a baya, yarinya a hannu. Tashar lori muka nufa.

Farkon Disamba ne, 1969. Gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana, wa'adin kuma ya cika. Sanni a Zariya aka haife shi, don haka nasa babu gardama. Baba Mutaru kuwa a Zangon Kumasi aka yanke cibiyarsa. Ubansa falken goro ne daga Kano, ya rayu ya mutu bai riƙe wata takarda ba, ɗan ma haka. Kano da aka ce ya koma, bai taɓa ganinta ba.

Ni dokar ba ta shafe ni ba. Sunana Seini, ubana mutumin Yendi ne a arewacin Gana, ina da fasfo. Da shi na tafi karatun injiniya a Turai ta Gabas, na dawo na tarar gwamnatin da ta tura ni ta faɗi, aikin da aka yi mini alkawari ya bi ta. Sai a wannan watan wani aboki ya samo mini gurbi a garin Tema, can bakin teku, aka ce in fara da sabuwar shekara. Ɗakina yana jikin na Baba Mutaru. Ta bango nake jin numfashinsa. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Mun ji yadda lorori suke jibge a bakin iyaka, mutane na kwana a ƙasa. Na san ba zai kai Legas ba, balle Kano. Hamamatu ma ta sani. Babu wanda ya furta.

Da muka zo daidai gidan siliman Ashanti New Town sai ya buga sandarsa a jikin amalanken.

"Tsaya."

"Baba, lori ba ya jiran kowa," in ji Sanni.

"Na ce masa ya jira ni? Tsaya, in ga allo."

Muka tsaya. Ya ɗaga kai yana kallon allon talla. Fim ɗin Indiya ne, an zana wata mace ta karkace wuya.

Aikinsa ke nan fiye da shekara ashirin. Mai silimar yana da gida biyu, wannan da wani a wajen Krofrom, amma kwafin fim ɗaya yake haya. Sai a fara haskawa a nan, a jinkirta can. Gwangwanin fim na farko na ƙarewa, Baba Mutaru ya ɗaure shi a kariya, ya taka zuwa Krofrom, ya juyo ya ɗauki na biyu. In ya makara, bango ya yi fari, 'yan kallo su hau buga benci suna zagin uwar mai inji. Yana alfahari da cewa bango bai taɓa yin fari saboda shi ba. Sai dai aikin ya sa bai taɓa ganin fim ɗaya cikakke ba. Farko yana gani, yana jiran gwangwani. Ƙarshe yana gani, ya kai na ƙarshe ya zauna. Tsakiyar kuwa a kan titi take wuce shi.

Bai iya karatun boko ba, don haka shi ya raɗa wa taurarin sunaye, Zango kuma ta ɗauka.

"Mai Rawa Cikin Ruwa ce," ya ce yana nuna allon da sanda. "Shekara nawa ruwa yana dukanta, ko mura. Ita kam ta iya aikinta. Mazansu ne ban yarda da su ba. Ƙato da gashin baki, a ce budurwa ta ƙi shi, ya rungumi bishiya yana kuka."

"Baba, don Allah," Hamamatu ta ce.

"Na kaboyi kuma maƙaryata. A yi dambe a fasa tebur goma, hular mutum ba ta faɗi ba. Kirachi!"

Haka yake kirana, kamar yadda ake kiran duk wanda ya yi boko.

"Na'am, Baba."

"Ka san Mai Tabo?"

Kowa a Zango ya san Mai Tabo daga bakinsa. Wani tsoho ne a finafinan kaboyi, mai tabo a kumatu. Ba shi ne jarumi ba. Shi ke dafa wake, shi ke riƙe dawaki in manya sun shiga harbi. Baba Mutaru ya fi son sa a kan kowa, yana cewa shi kaɗai ne a cikinsu ya yi kama da mutumin da ya taɓa jin yunwa.

"Na san shi."

"Kullum ina barin sa da rai a gwangwani na biyu. In kai na ƙarshe in zauna, babu shi. Yara su ce an kashe shi. Ni ban taɓa gani ba, ban kuma yarda da bakin yara ba. Kai da ka zauna a kujera a ƙasar Turawa ka gani daga farko har ƙarshe, ka taɓa ganin mutuwarsa?"

"Sau ɗaya. A can an sa masa muryar wani, da yarensu yake magana."

"Ƙarya ne, Mai Tabo ba ya jin yarensu. Yaya aka yi?"

Sanni ya juyo yana ƙifta mini ido. Ban san abin da yake so in ce ba, don haka na faɗi abin da na gani.

"Ɓarayin shanu suka ce kowa ya bar garin kafin rana ta faɗi. Ya ɗaure kayansa a keken doki, ya kama hanya. A wata mararraba aka harbe shi, ta baya."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba."

"Fuskarsa fa?"

"Ba a nuna ba. Tukunyarsa aka nuna tana gangarawa cikin rami."

Wani lori ya wuce mu, cike da mutane har saman kaya, akuya ɗaure a bayansa.

"Juya amalanken," ya ce.

Sanni ya saki igiya. "Baba, kama ka za su yi."

"Su kama."

Hamamatu ta durƙusa a gefen titi, goyon ya fara kuka. "Baba, in ba ka tafi ba ni ma ba na tafiya."

"Za ki tafi. Kina da miji, kina da 'ya'ya, wannan ta bayanki ko yaye ba a yi ba. Tashi, mutane na kallo."

"Wa zai ba ka ruwa? Wa zai dafa maka?"

"Ga Kirachi nan, ai ba shi da aikin yi."

Ta yi dariya cikin kukan, ta kuma fashewa. Ya jira ta lafa.

"Ranar da aka haife ki, ina kan keke da gwangwani na uku. Labari aka ba ni. Ranar da uwarki ta cika, ina kan keke. Labari aka ba ni. Duk abin da ya same ni a duniya ina kan hanya ya same ni. Wannan kam a zaune zan gan shi, a ɗakina, da fuskata a waje."

Ta dube ni. Ta so in ce wani abu, ni da na yi karatu.

"Ba zai kai ba, Hamamatu," na ce. "Kin sani."

Ta daɗe tana kallona. Ba ta gode mini ba, ban kuma sa rai ba.

Muka sauke keken ɗinki da akwati da tukwane da gari, Sanni ya kira 'yan dako. Katifa da buta da baƙin keke suka zauna. Ta kama ƙafar uban, wadda ta kumbura, ta riƙe. Ya dafa kanta ya yi mata addu'a a gaggauce, kamar mai sallamar wanda zai je kasuwa. Bai bi su da ido ba. Allon ya ci gaba da kallo har suka ɓace.

Ni kaɗai na turo shi gida, hawa ne kuma. Kowa na gangarowa da kaya a ka, mu muna haurawa. Wani mahauci da ya san shi ya ɗaga murya.

"Baba Mutaru! Kano ta can take!"

"Na je na dawo! Suna gaishe ka!"

A tsakar gida muka tarar da Bawah, mai kula da gidan a madadin mai shi. Har ya share ɗakin. Ya riga ya yi wa wani ɗan tireda alkawarinsa. Hausarsa ba ta nuna ba.

"Ah, Baba! Kai ka tafi ai. Yarinyanka ya ba ni makulli."

"Ba ni makullina."

"In polis ya zo, ni ba ruwana fa."

"In sun zo ka nuna musu ni. Ka ce ga baƙon, su ɗauka. Nauyi gare ni, su zo da yawa."

Bawah ya miƙa makullin yana gunaguni da yarensu.

Baba Mutaru ya hana ni shimfiɗa katifar a ƙuryar ɗaki. Bakin ƙofa ya ce, inda zai ga tsakar gida da zauren fita. Ya sa na jingine keken a bango kusa da kansa. Ina dama masa koko da safe, ya sha kaɗan, ya ce Turawa ba su koya mini komai ba. Gidan ya yi shiru. Ɗakuna huɗu a rufe, igiyar shanya babu komai a kai.

Ran Juma'a 'yan sanda biyu suka shigo. Babban ya tambayi takarda da Turanci. Na fara fassarawa, Baba Mutaru ya ɗaga mini hannu, ya amsa da Tuwi, yaren mutanen Kumasi, mai kyau wanda ya fi nawa.

"Takarduna suna maƙabartar Tafo. Uwata ɗaya, matata ɗaya, 'ya'yana maza biyu. Ku je ku tona ku karanta."

Ƙaramin ya sunkuyar da kai. Babban ya dubi ƙafafun, ya dubi keken, ya ce shi umarni aka ba shi. Ran Litinin za su dawo da mota. Ya kuma ce mini wanda ya ɓoye baƙo shi ma yana da laifi.

"Ban ɓoye shi ba," na ce. "Ga shi a bakin ƙofa."

"Ku zo da wuri," Baba Mutaru ya ce da bayansu. "Kada ku tarar an tashi daga kallo."

Ran Asabar Malam Umoru, limamin unguwarmu, ya zo dubiya. Shekara da shekaru yana wa'azi a kan silima, cewa gidan Shaiɗan ce. Ya zauna a kan turmi, ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa sai ya yi gyaran murya.

"Mutaru, ka nemi gafara a kan wancan aikin."

"Na nema, Malam, kullum ina nema. Amma rabin zunubi za a rubuta mini. Rabi na gani."

Malam ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

Bayan ya fita Baba Mutaru ya kira ni. Muryar ta yi ƙasa, sai da na sunkuya.

"Ka san in an tashi, ba na barin gwangwanaye a Krofrom. Dukkansu nake ɗaurewa in mayar New Town, inda suka fito. Ko ruwa ake yi. Hamamatu a ɗakin nan aka haife ta. Wannan haukan zai wuce, za ta zo. Kada ta zo ta tarar da gadon wani."

Na gyara masa matashi. Ya san maganar Tema. Ya mayar da ido tsakar gida.

Ran Lahadi bayan la'asar ya ce in tashe shi zaune. Na jingine shi da ƙyauren ƙofa, na sa masa hularsa. Rana ta faɗo a kan bangon da ke fuskantarmu, wanda aka yi wa farar ƙasa da sallar bara. Ya zuba masa ido. Ya nemi ruwa, na ba shi a murfin buta. Ya yi shahada sau biyu, ta biyun a hankali. Idonsa a buɗe ya cika, yana kallon bangon. Na rufe masa su. Hular ba ta faɗi ba.

Da ƙyar muka haɗa masu ɗaukar makara, Zango ta yi rabi. Mahaucin nan ya zo, ashe shi ma bai tafi ba. Bawah ya kama kusurwa ɗaya, bai bari an karɓe shi ba har Tafo. Malam Umoru ya ja salla. Muka sa shi kusa da matarsa kafin magariba.

Ran Litinin da hantsi motar ta zo. Babban ɗan sandan ya leƙa ɗaki, ya ga katifa a naɗe.

"Ina yake?"

"Ya bi takardunsa."

Ya cire hula, ya mayar, suka tafi.

Ba su daɗe da fita ba Bawah ya shigo da ɗan tiredan, yana nuna masa inda gado zai zauna. Ina tsaye a cikin ɗakin. Babu komai sai katifar da butar da keken a jingine, igiyar kariyar na reto babu abin da ta ɗaure.

"Kirachi, sai a fitar da keken," in ji Bawah. "Kai ma ai kana tafiya Tema."

Na fito, su ma suka ja da baya. Na jawo ƙyauren, na sa kwaɗo, na zura makullin a aljihu.

"Ɗakin Hamamatu ne," na ce. "Ni zan riƙe shi. Ina nan har ta dawo."