Maganin Inna a Motar Arewa

Sha biyu saura na ga ƙullin maganin Inna a kan tebur.

Inna surukata ce, uwar Abdulra'uf, mijina na wata biyar. Ba ta karatu, da ƙulli take gane maganinta. Da safen nan ni na haɗa mata kayan komawa Ƙonni, kuma ga nata a nan gabana. Ke nan wanda na cusa mata a jaka na Baffa ne, dattijon da muke zaune tare da shi a gidan, ƙwayoyin zuciya masu ƙarfi, waɗanda likita ya ce ko rabi kada wani ya taɓa. Bayan sallar azahar take shan magani, ba ta taɓa saɓawa ba. Wayarta kuwa tana ƙasan akwati, a kashe.

Na kira Abdulra'uf sau huɗu bai ɗauka ba. Daga unguwarmu ta Treichville na faɗa woro-woro, tasin haɗaka, ina kuka ina roƙon direba, har muka tsallake gada muka nutse cikin cunkoson Adjamé.

A ofishin kamfanin motocin da yake wa aiki na same shi, gumi ya jiƙe masa riga. Tun da aka ɗauke wuta da hantsi kwamfutar ta ƙi dawowa daidai. Ba hoto, ba 'yar kibiyar da ake dannawa, sai baƙin allo.

"Jannatu? Lafiya?"

Na ajiye ƙullin a gabansa. Ya dube shi, ya dube ni. Da ma ya yi mini tsawa, da na fi samun sauƙi.

"Wace mota ta shiga?" na tambaya.

"Nomau na damƙa wa ita. Motoci biyar suka tashi."

Nomau ɗan kamasho ne, duk inda ya ga kujera nan yake tura fasinjansa. An neme shi a tasha, an ce ya tafi wata tashar, Gare de Bassam.

Tsoho Sha'ibu mai yankan tikiti ya leƙo. "Yaro, akwatinka ya mutu. A kira mai gyara."

"Bai mutu ba, Baba. Riga kawai ya tuɓe."

Ya danna maɓallai uku a tare. Farin rubutu ya fito, manya-manyan haruffa kamar na allon 'yan aji ɗaya, kowane layi ya yanke a tsakiya. Sunan fasinja na fitowa, lambar mota ba ta da wurin zama. Ya yi tsaki, ya rubuta wani umarni, allon ya ƙifta. Haruffan suka ƙanƙance, suka yi tsaf kamar ɗinkin hula, layukan suka miƙe har ƙarshe.

Sai ya tsaga allon gida huɗu da siraran layuka.

"Nan fasinjoji. Nan kaya. Nan inda motoci suke. Nan lambobin direbobi. Ki sa ido a na farko."

Ya nemi sunan Inna. Babu. Ya sake da wani rubutun. Babu.

"Ai ba za ka gan ta ba," in ji Sha'ibu. "Nomau da sunansa yake sayen tikiti, goma-goma."

Ya nemi Nomau. Sunan ya zubo sau goma sha huɗu, a motoci huɗu. Agogon kusurwar allon ya nuna ɗaya saura minti tara. A gida na uku lambobi suna ta canzawa, motocin na kusantar garin Toumodi, inda ake tsayawa salla.

"Mu kira su duka!" na ce.

"Direba ba ya ɗauka yana tuƙi. In sun tsaya kuma alwala za su ruga. Ɗaya za mu nace wa." Abdulra'uf ya juyo gare ni. "Me ta ɗauka, Jannatu? Ke kika ɗaure kayan."

Na rufe ido. "Akwati shuɗi. Jarkar manja. Buhun attiéké, tsakin rogon nan, na rubuta lambar yayarka, Yaya Hafsatu, a jiki."

Yatsunsa suka tsallaka gida na biyu. Masu awon kaya, Allah ya yi musu albarka, komai suke rubutawa. Manja, manja, manja, kowa manja yake kaiwa arewa. Na kai fuskata dab da allon, kafaɗata ta taɓa tasa.

"Ga ta!" na ce. Lambar Yaya Hafsatu, mota ta uku, kujera ta ashirin da biyu.

A gida na uku, lambobin wannan motar sun daina motsi. Minti shida ke nan da tsayawarta.

Ya kira direban. Wayar ta yi ƙara har ta katse. Ya sake. Ya sake. A na huɗu wani ya ɗauka, da Faransanci, hayaniyar masu talla a bayansa. Abdulra'uf ya yi magana da sauri, muka ji takun gudu, muka ji ana kiran "Maman! Maman vingt-deux!", wato mama mai kujera ta ashirin da biyu.

Na riƙe bakin tebur.

"Wai wane ne?" Muryar Inna, a fusace. "Mutum ya sa ƙwaya a tafin hannu, an fizge masa ruwa!"

"Inna, ni ce," na ce, hawaye na shiga mini baki. "Kada ki sha. Na Baffa ne. Ni na yi kuskure."



"To, ai ban sha ba. Ki daina kukan nan, 'yar nan, mutane na jin ki har nan."

Abdulra'uf ya kifa goshinsa a kan tebur, hannunsa na laluben nawa.