Gonar Mai Tsintsiya

Malamin gona ya durƙusa ya caka wuƙa a ƙasa, wuƙar ta ƙi shiga. Sai da ya danna da hannu biyu ya ɓamɓaro wani ɓawo fari fat, busasshe kamar katangar tsohuwar tukunya.

"Baba, yaushe rabonka da ganin tana a gonar nan?"

"Tana kuma? Ɗan nan, ni hatsi nake nomawa, ba kifi nake kamawa ba."

Manoman da suka taru suka bushe da dariya, ban da Auta, ɗan mai gonar.

Mai Tsintsiya ake ce wa mai gonar, don duk kaka sai ya share ta tas, ya tara kara da ciyawa ya cinna musu wuta, da damina ya watsa takin zamani. Ƙazami ne ke barin shara a gona, in ji shi. Dammunan hatsi na raguwa kowace shekara, shi kuwa ruwan sama yake ɗora wa laifi. Manyan 'ya'yansa sun watse birni. Auta kaɗai ya rage, shi ma ƙafarsa ɗaya a waje take.

"Ƙasa ma ci take yi, Baba," in ji malamin. "Abincinta kake ƙonawa. Bar mata karan ya ruɓe a kanta."

"In na bari, baɗi za ta farfaɗo?"

Malamin ya kau da kai. "Sai an yi shekaru."

*

A kakar nan tsohon bai kunna wuta ba. Kunya kamar ta kashe shi in maƙwabta suka wuce suna tambaya ko tsintsiyar ce ta ɓata. Ya haɗiye, don yana so ɗansa ya zauna.

"Ka ba ta lokaci, Auta. Ni na cuce ta, ni zan biya ta."

"Ƙasa za ta iya jira, Baba. Cikin yaran nan fa?"

Auta ya tafi, ya bar masa mata da yara uku. Abin ya ci ran tsohon ƙwarai. Kullum yakan je ya ɗaga karan ya leƙa ƙarƙashinsa, yana gaya wa kansa ranar da ƙasar ta yi baƙi, ɗansa zai dawo.

*

Wata safiya ya tarar da surukarsa a tsakiyar gona tana ɗaure kara. Ta riga ta kwashe wuri mai faɗi, farar ƙasar ta sake fitowa fili. Da ta gan shi, igiyar ta suɓuce daga hannunta.

"Baba, babu itace. Tun jiya ban ɗora tukunya ba."

Ya daɗe yana kallon wurin da ta kwashe. Sannan ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya ƙara tamke damin, ya ɗora mata a ka.

"Gobe ki ɗebi na can gefen," ya ce. "Ya fi bushewa."