Hayaniya a Layi

"Don girman Allah, Nababa, kashe injin nan!" Zulaiha ce ta ɗaga murya ta saman katanga, waya a hannunta, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba.

Nababa mai injin niƙa ya leƙo, gari har a girarsa. "Matar Malam, lafiya? Ga kwanukan mutane jere fa."

"Inna Azumi ce. Hoton jikanta muke jira, ƙarar injinka ta hana shi buɗewa."

Bai gane komai ba, amma sunan Inna Azumi ya ishe shi. Ya kashe.

Inna Azumi mai daddawa maƙwabciyar Zulaiha ce, katanga ɗaya ta raba su. Daga Kakangi ta dawo cikin garin Birnin Gwari shekarar da 'yan bindiga suka tashe su, ta zo da tukwanenta da bakinta. Baki kuwa, tubarkalla! In tana yi wa akuya faɗa, har bakin titi ana jin laifin akuyar. Yanzu ga ta kwance, ƙafafu sun kumbura, asibiti sun ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Ana cikin haka 'yarta Bushira, ita kaɗai ta rage mata, ta haihu a Kaduna, namiji, bayan shekarun da har an daina tambayarta. Mai jego ba ta tafiya, hanyar dajin nan kuma ko namiji sai ya jira rakiyar sojoji. Abu ɗaya Inna ta roƙa: ta ga fuskar yaron.

Bushira ta turo hoton a wayar Zulaiha tun da hantsi. Ya iso, amma bai buɗe ba. Dishi-dishi kawai, wani abu fari da wani abu baƙi, da ɗan da'ira a tsakiya yana ta juyi. Ya cika rabi, ya tsaya, ya koma farko.

Duk layin, gidan Zulaiha ne kaɗai ke da ɗan farin akwatin intanet da ake kira rauta, da eriyarsa a kan dogon gora. Mijinta Malam Shafi'u, malamin makaranta, shi ya haɗa shi, shi kuma ya san kansa, ga shi hanya ta riƙe shi a Kaduna. Kafin ya tafi ya nuna mata lambobi biyu a waya. Ta sama gudun layin ce. Ta ƙasa kuwa ya ce in ta faɗi, to hayaniya ta yi wa layin yawa, saƙo ba zai wuce ba. Abin da ta riƙe ke nan: hayaniya.

Kuma abin mamaki, injin Nababa na mutuwa lambar ƙasa ta tashi daga uku zuwa bakwai. Zulaiha ta dafe ƙirji. Shi ke nan, ta gano maganin!

Ta bi gida-gida. Maiturare ya kashe rediyonsa. Matan da ke daka suka jingine taɓare. Aka kora awakin Inna bayan gari, aka kwashe yara zuwa wani layi, mai tallar ƙanƙara ma da hannu aka yi masa nuni ya wuce. Babu wanda ya yi musu, don babu gidan da bai taɓa cin miya da daddawar Inna ba. Unguwa ta yi tsit da rana tsaka, har wani mai babur ya tsaya yana tambaya ko 'yan bindiga sun shigo ne.

Zulaiha ta zauna bakin gadon Inna, jikin tagar da sabis ɗin gidansu ke kaiwa. Lambar ta hau takwas, ta sauko huɗu, ta koma shida. Ba motsi, ba tari, amma tana ta hawa da sauka yadda ta ga dama. Zulaiha ta kasa kunne tana neman mai laifi. Kurciya ce a kan darbejiya? Ko numfashin Inna ne, da ke fita da ƙyar kamar ana jan buhu a ƙasa?

"Zulai," in ji Inna, murya ta dushe. "Idona ne ya mutu, ko yaron ne bai fito ba?"

"Bai fito ba, Inna. Saura kaɗan."

"Wannan shirun fa? Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Layin ne ba ya son hayaniya."

Inna ta yi ɗan murmushi. "To ashe ba zai so ni ba."

Zulaiha ta so ta yi dariya, ta kasa. Wallahi tsoro take ji. Ta kira Malam Shafi'u, kiran ya shiga, ta ji "Assala—" ya katse. Ta tura masa saƙo cewa ta sa kowa ya yi shiru amma lambar ta ƙi tsayawa, me kuma za ta kashe? Saƙon ma ya maƙale.

Bayan azahar hadari ya fara haɗowa ta gabas, ta saman daji. Sai ga lambar ƙasa ta yi wani tsalle zuwa goma, gudu ya ƙaru, da'irar ta wuce rabi, ta wuce inda ba ta taɓa kaiwa ba. Zulaiha ta ƙura wa wayar ido.

Daidai nan Inna ta kamo gefen zaninta. "Zulai, ki ce wa Bushira…"

"Inna, yi shiru kaɗan, don Allah! Ga shi nan, ya kusa!"

Inna Azumi, wadda ko mai unguwa bai taɓa iya sa ta yin shiru ba, ta yi shiru. Ta saki zanin.

Da'irar ta kai gab da cika, ta tsaya, ta yi ta tsayuwa, sannan ta koma farko. Zulaiha ta ja tsaki, ta juyo. "To Inna, me za a ce wa Bushira?"

Idon Inna a buɗe, yana kallon wayar. Zulaiha ta taɓa kafaɗarta, ta sake taɓawa. Ta kai kunne bakinta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Salatinta ya fasa shirun. Mata suka yi ta shigowa, wannan na kuka, waccan na kiran a ɗora ruwa, Nababa a waje yana ƙwala wa Maiturare kira a je a sanar da liman. Ruwan sama ya sauko a kan kwanon ɗakin da ƙarfi, ba ka ko jin maganar na kusa da kai.

Cikin wannan hargowar wayar ta girgiza a cinyarta. Amsar Malam Shafi'u ce: "Haba Zulai, ba surutun mutane ba ne. Hayaniyar a cikin iska take, tsakanin eriya da turken sabis. Zafin rana, hadari, batirin turken in ya yi sanyi, yawan masu hawa layi. Ba abin da za ki iya yi sai jira. Ki bar mutane su yi harkarsu. Ya jikin Inna?"

Ta karanta, ta sake karantawa.

A ƙarƙashinsa hoton ya buɗe tar. Jariri ja-ja-wur cikin farin tawul, goshi a tattare, baki wangale yana tsala ihu. Zulaiha ta miƙe da wayar ta nufi gadon, sai ta ga an riga an ja zani an rufe fuskar Inna. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, mata na ratsa ta hagu da dama.

Wani saƙon ya shigo, daga Bushira. "Yaya Zulai, na ga alamar ya buɗe, alhamdulillahi! Inna ta gan shi? Me ta ce?"

Zulaiha ta fita ta zauna a dokin ƙofa, feshin ruwa na jiƙa mata ƙafafu. Lambar ƙasa ta tsaya cak a goma sha biyu. Ta ɗora ɗan yatsa a kan wurin rubutu, ta bar shi a nan, har hasken wayar ya mutu da kansa.