Ɗakin Bayan Bishiyar Kwakwa

Bayan an kwashe shinkafar rani, Rumaisa ta zauna kusa da mahaifinta Malam Sabi'u a tsakar gida tana nuna masa hotuna a waya. Hutun da za su yi a tsibirin Zanzibar kashi biyu ne. An riga an kama masauki a cikin gari, saura na bakin teku.

"Baba, dubi wannan. Falo ɗaya, tebur ɗaya, duk mu ci tare."

Sabi'u ya daɗe yana kallo. Da surukarsa Inna Hafsatu za a tafi, shi kuwa tun da ya auri 'yarta bai taɓa kai loma baki a gabanta ba.

"Yana da kyau," ya ce a hankali.

Inna tana gefe tana tsinkar zogale. "Ke, so kike babanki ya dawo Bunkure kamar karan dawa? Nemo masa ɗaki daban."

"Haba Inna, ai an daina wannan."

"Ke kika daina. Ni ma in yana wurin ba na iya tauna."

Rumaisa ta yi dariya, ta lalubo wani ɗan ɗaki a bayan bishiyar kwakwa. Sabi'u ya sunkuyar da kai ya ce a kama, ko babu fanka.